Hoton Babur a Lanƙwasa

Daren Lahadi, Wurno

Shekara da shekaru ina ɗaukar hoto a garin ga, amma ƙungiyar masu hoto ba ta taɓa kira na taro ba, wai ba ni da takardar makaranta.

Yau anka yi tseren babura a filin bayan gari. Sani, shugaban ƙungiyar, ya jera mutane nai bakin miƙaƙƙiyar hanya, inda babur ka wucewa kamar harsashi. Ni ko na tafi lanƙwasa, inda dole kowa ya rage wuta. Na ba rana baya, na durƙusa.

Sani yac ce, "Baba Mamman, mi kake nema can? Inuwa?"

Nic ce, "Kai dai tsaya inda boko ya aje ka."

Ba a kafe kyamara wuri guda. Bin babur nika yi da ita ina juya ƙugu, yadda nika bin tsuntsu da danƙo a gonar shinkafa, in danna maɓallin ɗauka alhali hannuna bai tsaya ba. Hotunansu dut sun fito dishi-dishi. Nawa ko, har lambar rigar wanda ya ci ana karantawa.

Gobe kwamitin tsere za su zaɓi mai hoton gasa ta gaba. Bayan magariba Sani ya aiko, wai in ba shi hoton ya kai da sunan ƙungiya. Na hana. Da ƙafata za ni, in aje shi gaban kwamitin. In akwai wanda ya isa cikin 'yan ƙungiya, sai ya tashi, gaban jama'a, ya gaya mani wace takarda ce ta rage.