An Binciko Asalin Ƙwayar Ƙafata

Zuwa ga 'yata Rafi'atu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Salaga, yaya mamanki da ƙannenki? Ni lafiya lau nake a asibitin nan na Kumasi, in ban da ƙafar da ta ƙi jin magana.

Gyambon da ke jikinta ya shanye allura kala uku, ko godiya babu. Sai likita ta lakaci ruwansa, ta aika jami'a a binciko asalin ƙwayar cutar, kamar za mu ba ta aure. Ni a aji uku na tsaya, ga ƙwayata ta je jami'a. Ashe ba 'yar Salaga ba ce, a nan ta same ni. Danginta na jikin maƙwabtan gadona biyu. Yanzu an ware mini ɗaki kamar babban mutum.

An ce in sabon maganin da aka fara ba ni bai ci ƙwayar ba, za a yanke ƙafar. Na ce wa likita, baƙuwa ba ta korar maigida.

Na ji kawunki Aruna yana zawarcin takalmana na Sallah. Ki ɓoye su, dama da hagu. Mai su yana nan tafe.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Mukaila