Ƙadangaren da ke kan Allo

Daga Alƙalin Birnin Kudu, wanda ba a tsallake hukuncinsa, zuwa ga Sulaimanu ɗan Malam Salihu, mai neman ilimi a Kukawa. Aminci ya tabbata a gare ka, Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi. Muna sanar da kai mahaifiyarka Hapsatu tana nan lafiya, gero ya yi kyau bana, ƙanwarka Barira ta kai izu goma. Ƙanenka Barau kuwa, yaro ne mai hankali da kyan gani, duk garin nan babu kamarsa.

Bayan haka, an kawo mana ƙara a kan makarantar mahaifinka. Baffanka Haladu ya zo daga Gwaram, ya ce yaran Malam ba sa sauri. A ganinsa a riƙa biya musu da baki, dorina na kusa, su haddace tukuna, rubutu ya biyo baya. Ya ce nasa ɗaliban suna sauke Alƙur'ani a shekara huɗu. Malam ya ce shi a wurinsa kowane yaro zai rubuta allonsa da hannunsa, ya kawo a duba masa harafi harafi kafin ya wanke, ko da zai shekara goma. Ya ce bai taɓa ganin dorina ta gyara wasali ba. Iyayen yara sun rabu biyu, an bar maganar sai bayan kaka.

To, ga abin da babu wanda ya sani. Ranar Laraba wani shaƙiyyi a cikin ɗaliban ya ƙi rubuta karatunsa, ya zana ƙadangare a allo, har da jela da yatsu, don ya ba 'yan'uwansa dariya. Ya miƙa wa Malam, ya biya da ka, yana jiran a ja masa kunne. Malam ya kai allon kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce rubutun ya gyaru ƙwarai, Allah Ya yi albarka, a je a wanke. Yaron ya ɓoye allon a rigarsa, bai nuna wa kowa ba. A bayan rumbu ya wanke shi yana kuka.

Idon Baba ya tafi, Yaya. Da kunne yake duba allo yanzu, kuma ba zai kira ka ba, don kada ya yanke maka karatu. Ni da Barira muna bin allunan ƙanana muna gyarawa a ɓoye, amma iliminmu bai kai na manya ba. Ran da Baffa ya gane, yaran nan Gwaram za a kwashe su a kai, Baba ya zauna a zaure shi kaɗai. Ka biyo fataken da suka kawo maka takardar nan, ka zo ka zama idonsa kafin a gama kaka.

Inna tana gaishe ka, Barira ma, da Goggo Mero ta Zandam. Ka gaida malaminka.

Na san tun layin farko ka gane wannan karkataccen rubutun ba na Alƙali ba ne. Na ari rawaninsa ne don kada ka ce wasan Barau ne ka ajiye. Ni na zana ƙadangaren. Wannan karon ba wasa nake yi ba.

Ƙanenka, Barau.