Geron da Ka Kai wa Mai Allura

Yamai, 9 ga Afrilu, 1985

Ɗan'azumi,

Bayan gaisuwa, ina lafiyar matarka Raliya da jaririnku? Yaya jikin kakarka? Ni lafiya lau, aikin buga takardu na nan. Na daina cin abincin rana, amma zafi ne kawai.

Takardarka ta iso. Ka ce jikinka ya mutu, ko guga ba ka iya ja, in sayo maka allurar ƙarfin maza, testosteron. Na nuna wa likita sunan. Ya ce sai an auna jini an ga rashi ake yinta, kuma tana iya hana saurayi haihuwa. Ya tambaye ni me kake ci.

Abdou direba, mai kai muku saƙona, shi ne ya ba ni amsar. Ya ce tiya biyar, kwanon awo biyar cur, cikin geron da na aiko ka kai wa mai allurar kasuwa. Geron da na kwana biyu ina layinsa cikin rana, sojoji na daka mana tsawa! Matarka na shayarwa, ruwan kunu kawai take sha, kai kana neman ƙarfin maza. Wane namiji ke haka?

Wannan buhun geron da na haɗo da takardar nan, a hannun Raliya za a sauke shi. Allura kuwa ba zan saya ba.

Shekara ashirin da huɗu ban kama sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau na kama. Shu'aibu, yunwa ke damunka kamar kowa. Ka ci tuwo.

Allah ya ba mu damina.

Mahaifiyarka,
Zinariya