Ƙudan Zuman Mai Faci

Zuwa ga surukina kuma maƙwabcina, Mai Faci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na zaɓi in rubuto maka, duk da katanga ɗaya ce tsakaninmu, domin duk maganar da aka yi maka da baki wasa kake mayar da ita.

Akwatin ƙudan zuman da ka jingina da katangata ya ishe ni. Kullum suna cike da bakin famfona, ba dama mutum ya wanke fuska cikin natsuwa. Jiya ɗaya ta harbi jikarmu a fatar ido, idon ya kumbura ya rufe, 'yarka ta wuni tana rarrashi. Na ba ka zuwa Asabar ka matsar da akwatin can ƙarshen gidanka, wajen banɗaki. In ba haka ba zan ɗauki mataki.

Ka huta lafiya.
Hedimasta, mai ritaya

*

Zuwa ga Hedimasta, ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri kan rubutuna. Ka san a aji huɗu na tsaya, shi ma turo ni aka yi don benci ya gaji da ni. In ka ga kuskure ka sa jan biro, na san hannunka na ƙaiƙayi tun da ka bar aiki.

Idon yarinya ya dame ni fiye da yadda ya dame ka. Ɗanka ya auri 'yata, saboda haka rabin jikar nan nawa ne, kuma ina zaton rabin da ya fi kyau. Na ga idon da safe, ya fara sacewa. Wadda ta yi harbin kuwa ta riga ta mutu, don zuma in ta harbi mutum ƙarinta yake fita da hanjinta. Ka ga an yanke hukunci ba tare da an zo ofishinka ba.

Maganar famfo. Shekara guda yana ɗiga, kana wuce shi da littafi a hammata. Ba sonka suke yi ba, ruwa suke ɗiba. In zafi ya yi sai su kai ruwan cikin akwati su shafa a saƙa, su yi ta fifita da fukafukai don kada 'ya'yansu su dahu. Ka ɗaure bakin famfon da roba, ni kuma na ajiye musu kwano da tsakuwa a ciki. Kwana uku za su manta da kai, kamar yadda ɗalibanka suka yi.

Matsar da akwati kuwa, tsaya, yau ɗan aji huɗu zai ba da darasi. Zuma ba akwati take ganewa ba, wuri take ganewa. In ka matsar da shi taku goma, waɗanda suka fita kiwo za su dawo daidai inda suka bar shi, su tsaya nan ko da yana gabansu. Ko dai a riƙa jan shi kamu ɗaya kullum, ko a kai shi can bayan gari inda ba su san hanya ba. Zan fara ja, amma sai na dawo. Ranar Alhamis za a yi min aiki a baya. Shekara talatin ina duƙe kan tayoyin mutane, yanzu likita zai duƙa a kaina. Kwana biyar ne kawai.

Ka yi haƙuri da su. Tun da na rufe shago su kaɗai suka rage masu fita aiki daga gidana da safe, kuma su kaɗai nake tashi dominsu.

Naka, ko ba ka so,
Mai Faci

*

Mai Faci,

Assalamu alaikum. Na samu takardarka. Shekara ashirin da takwas ina koyar da kimiyya, ban taɓa cin karo da littafin da ya ce ƙwaro mai ido biyar zai kasa ganin akwati a taku goma ba. Wannan dabarar jan lokaci ce, na san irinta a wajen yara. Asabar na ce, Asabar nake nufi. Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Hedimasta

*

Hedimasta,

Sallama, don wajibi ce. Gaisuwa kuwa ka nema a wajen wani.

Yau na dawo da sanda da ɗinki takwas a baya. Kafin in shiga ɗaki na leƙa jikin katanga, babu akwati. Ƙasa kuwa baƙa ƙirin da gawar zuma. Na durƙusa na share, abin da likita ya ce kada in kuskura, sai da suka kai rabin bokiti. Har yanzu wurin warin maganin feshi yake.

Ba sai an ba ni labari ba. Da tsakar rana aka ɗauke shi, lokacin da duk masu ƙarfi suna waje. Suka dawo da garin fure a ƙafafu, ba gida. Suka yi ta zagaye, suka taru a kan katanga, suka gangara tagarka. Kai kuma ka ɗauko gwangwanin feshi. Ka kashe ma'aikata don sun dawo daga aiki. Ido biyar gare su, littafinka bai yi ƙarya ba. Kai mai biyu, har da ƙarin tabarau, takarda guda ka kasa karantawa.

Kuma a ƙasa kuka dire akwatin, can wajen banɗaki! Ba ka tambayi kanka me ya sa ƙafafun teburinsa ke zaune cikin gwangwanayen baƙin mai ba? Ka ɗauka ƙazantar mai faci ce. Cinnaka nake tarewa. Na buɗe na tarar sun yi layi har cikin saƙa, suna jan 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe musu kanti. Sarauniyarsu na nan, da 'yan ƙananan da ba su taɓa fita ba. Ba mai kawo abinci, ba mai gadin ƙofa.

Ni ne wawan. Na zauna na rubuta wa Hedimasta darasi, har ina jin daɗin kaina. Da na ce maka ka matsar da shi, na rantse da yanzu yana nan inda yake.

Abu ɗaya nake so in sani. Na kulle ƙofata kafin in tafi. Katanga ka haura da wannan tumbin? In haka ne ƙararka zan kai, ba don komai ba sai don in ji ka faɗa da bakinka a gaban mutane.

Mai Faci

*

Mai Faci,

Assalamu alaikum, ya jiki. Ban haura katangar kowa ba. 'Yarka ce ta buɗe da makullin da ka ba ta. Ita ta toshe bakin akwatin da tsumma, ta kama gefe ɗaya, ɗana ya kama ɗaya. Ba ni na sa ta ba. Ta ce sau uku tana faɗa maka tana jin tsoro saboda yarinyar, kai kuma kana ba ta amsa da barkwanci.

Feshi ni na yi. Sun rufe taga, matata na ciki tana ihu. Ban san haka za su yi ba. Wannan bayani ne, ba ban haƙuri ba.

Ka huta lafiya.
Hedimasta

*

Hedimasta,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, sauran kuwa babu.

Na karanta takardarka sau biyu, a tsaye, don zama ya gagara. Sau ukun gaskiya ne. Na ma tuna abin da na ce mata, wai zuma ba ta harbin dangi. Ta zo ɗazu ta ajiye makulli a kan tebur ta fita. Ni kuwa ko barkwanci ɗaya ban yi mata ba. Da kana nan da ka rubuta ranar.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Da hantsi sarauniya ta gaji da cinnaka, ta kwashe ragowar ta bar akwatin. Ka leƙa bishiyar gwaibarka, reshe na biyu ta wajen katanga. Dunƙulen nan da bai wuce kan jariri ba, su ne duk abin da ya rage min. Ba ruwansu da kowa yanzu, ba su da gidan da za su kare. Za su rataya yini ɗaya ko biyu kafin masu leƙe daga cikinsu su samo musu wani rami, daga nan shi ke nan, sun tafi.

Ina bukatar in shigo gidanka da kwali da tsani, in girgiza reshen sau ɗaya su faɗa ciki. Na sami mai mota da zai kai su gonar wani abokina a bayan gari. Zan riƙa zuwa ganinsu kamar mai ziyarar fursuna. Katangarka ta huta, ka ci nasara.

Ban yafe maka ba, kada ka yi murna. Amma ina roƙonka kada ka fesa. Ban saba roƙo ba, in bai fito daidai ba ka karɓe shi haka.

Mai Faci

*

Mai Faci,

Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe bakwai na safe ƙofa a buɗe take. Da ɗinki takwas ba za ka hau tsani a gidana ba, ba na son gawa a tsakar gida. Ni zan hau. Kai ka tsaya a ƙasa ka faɗi abin da za a yi, a taƙaice, ban da wasa.

Bayan haka ba ni ba kai.

Hedimasta