Hoton Inna da Ka Roƙa

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Aunaka da yara, da aikin Ikko. Mu nan Ƙanƙara sai godiya.

Bayan girbi mun taru a Pauwa, har 'yan Faskari da Sabuwa. Gidan ya cika kamar zamanin marigayi Baba, kai kaɗai muka rasa. Mutum uku suka zo da kyamara, aka yarda duk wanda ya wanke hotuna a Funtuwa ya raba wa kowa.

Na ce wa Inna kai ke son hotonta. Ka san kunyar ɗan fari, ta ja mayafi ta juya baya, ta ce, "Wancan ya mance kamannina ne?"

Ashe Habu, ɗaya daga cikin masu kyamarar, ya ɗauke ta tana dariya wajen rabon fura, irin dariyar da muka sani muna yara. Ban iya aiko hoton a ɓoye ba, sai na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sa masa kwali, kada ya lanƙwashe a hanya."

Ga shi nan. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi