Tuƙin Dawowa

Gumel, Nuwamba 1994

Zuwa ga abokina Ephraim,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Queen. Lauratu tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko tuwon acca ya mantar da kai miyar kukarta.

Bayan haka, ƙararka na kawo wurinka. Shekara biyu ke nan Tsanwa tana zaune a Ɗanzomo, a rumfar ƙanena Manu, tsakanin rumbu da turken shanu. Motar da ta taso tun daga Ingila, MG guda, yau kaji ne ke shawarar yin ƙwai a kujerarta. Duk Asabar nakan hau babur in je in yaye tamfol, in ja cokin inji, in tashe ta. In goge wayoyin ƙafafunta, in shafa wa fatar kujeru man kaɗe. Ko a wannan wahalar fetur da ake ciki, galanta bai taɓa yankewa ba. 'Yan bumburutun Maigatari duk sun san ni.

Manu ya gaji, ya ce in ɗauke abata in mai da ita Gumel. Na ce masa ba haka muke yi ba. Tun ranar da muka haɗa hannu muka saye ta a wurin Baturen rijiyoyi, ƙa'idarmu ɗaya ce: ni ne tuƙin zuwa, kai ne tuƙin dawowa. Ni na kai mu Ɗanzomo ranar nan. Aka yi ruwan da ya cinye hanya, saƙo ya zo cewa matarka Agnes ta faɗi, ka haye bayan babur ka tafi, don Tsanwa cikinta a ƙasa yake, ba ta shiga ruwa. Ka kai Agnes gida Pankshin ka binne, ka ajiye aiki, ba ka sake waiwayarmu ba. Ban ga laifinka ba. Amma tafiyar nan rabi aka yi, ni kuwa ba zan ci rabonka ba.

Kuma tari take yi. Kafiretocin injinta biyu sun daina jituwa, kunnena kuwa ka san shi, ko kiran sallah sai Lauratu ta taɓa ni. Ka zo ka sa tiyonka a kunne ka saurare su, ka sasanta su.

Naka har kullum,
Ilu

*

Pankshin, Janairu 1995

Malam Ilu,

Ina gaishe ka da iyali cikin sunan Ubangiji. Wasiƙarka ta iso, mun ji daɗi. Ka gai da Lauratu da 'yarku Rahama, 'yata ta kaina.

Zancen zuwa, sai a hankali. Hanya ba kyau, mai babu, ga aikin coci ya yi mini yawa. Shawarata ita ce ka tuƙa motar ka kai ta gida Gumel. Na yafe maka tuƙina. In kuma ka sami mai so, wanda zai riƙe ta da mutunci, ka ba shi, ba sai ka tambaye ni ba. Mun ci zamaninmu.

Kafireta kuwa, ka wanke su da fetur, ka ɗiga mai kaɗan a saman kowace. Kada ka bar makanike ya taɓa allurar da ke ciki.

Allah ya kiyaye ku.
Ephraim

*

Gumel, Maris 1995

Ephraim,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ka yafe mini? Wa ya roƙe ka? Kai da ka daina yi mini magana don na bar ɗan sakatare ya jingina da ƙofarta, yau kai ne mai cewa a ba wani? To, mai so ya zo. Wani Alhaji ne daga Damagaram. Ya zaga ta, ya leƙa ciki ya ga kujera biyu tak, ya ce, "Malam, to iyali fa, a ina za su zauna?" Ya ce in na sallama zai yanke bayanta ya mai da ita a-kori-kura, ya riƙa kai gero kasuwa. Na sa a kawo masa ruwa ya sha ya kama hanya.

Ka manta Alhamis ɗinmu? Mu baro kasuwar Maigatari da la'asar, mu naɗe rufi, ka sa giya ta huɗu ta saki muryar nan tata, manoma su ɗago daga huɗa suna ɗaga mana hannu. Hulata nawa iska ta kwashe a hanyar nan saboda ƙafarka ba ta san sassauci ba? Mu iso Agnes tana bakin ƙofa tana cewa tsofaffi biyu babu mai hankali a ciki.

Sai wata magana. Shekara da shekaru muna ofishin gona ɗaya, na san rubutunka, kamar kaza ta taka tawada. Wannan da ya zo mini rubutu ne mai kyau, na mace. Hannunka lafiya? Ka gaya mini gaskiya. Ni ga tawa gaskiyar: ƙafafuna suna kumbura, likita ya hana ni gishiri, Lauratu kuma ta ɗauki maganarsa kamar wahayi.

Naka, duk da haka,
Ilu

*

Pankshin, Mayu 1995

Ɗan'uwana Ilu,

Salama a gare ka. Ka kama ni. Queen ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Hannuna lafiya lau. Idona ne ya tafi. Ciwon sukari ya fara da na hagu bara, kafin Kirsimeti ya haɗa da na dama. Yanzu rana da inuwa kawai nake bambantawa. Babu wani aikin coci, jagora ake yi mini zuwa can. Na ƙi gaya maka ne don ina so a sami wuri ɗaya a duniya da har yanzu ni direba ne.

Ka ce ko na manta. Ilu, abin da ya rage mini ke nan. In na zauna a ƙofar gida nakan bi hanyar nan a raina, daga Ɗanzomo har Gumel, in san inda rairayi yake, in san inda zan sauko giya ta biyu. Ina jin santsin katakon sitiyari a tafin hannuna. Amma kullum in na iso ƙofar gida babu Agnes, sai in rasa dalilin da ya sa na dawo.

Ka ga ke nan. Makaho ba ya tuƙi. Ka kai ta gida, don Allah, kada rumfa ta cinye ta saboda ni.

Ɗan'uwanka,
Ephraim

*

Gumel, Yuni 1995

Abokina,

Gaisuwa da jaje. Na karanta wa Lauratu wasiƙarka, ta shige ɗaki. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na gama sai haushi ya kama ni, na ce ashe duk wannan jan rai a kan ido ne kawai.

Ka saurara. Kafireta ba ta neman ido, kunne take nema, kuma naka yana nan. Tuƙi kuwa, yaushe ka taɓa kallon hanya? Kullum kana juyowa kana yi mini gardamar taki, ni ne mai cewa ga jaki, ga rami. To haka za mu yi. Ba za mu hau kwalta ba. Akwai burtalin da ya bi ta bayan gonaki har bakin gari. Kai a dama da sitiyari, ni a kujerata ta hagu ina cewa dama, hagu, birki. Giya ta ɗaya, babu gaggawa. In mun faɗa cikin geza, ba yau muka fara ba.

Amma kada ka zo yanzu. An yi shuka har cikin burtalin, ba na son mu taka wa mutane gero. Ka bari sai kaka, in an kwashe amfani ƙasa ta bushe. Kafin nan kumburin nan ma ya sace. Ka ce wa Queen ta dafa maka abin kirki, na fi son direba mai ƙarfi.

Sai ka zo,
Ilu

*

Gumel, Oktoba 1995

Zuwa ga Baba Ephraim,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce 'yarka Rahama. Ina roƙon Queen ta zaunar da kai kafin ta ci gaba da karantawa.

Baba, Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar. Kumburin ya hau har ƙirji. Ya hana mu rubuto maka, ya ce kai ka ɓoye masa naka, shi ma sai ya rama.

Amsarka da ka ce za ka zo da kaka tana ƙarƙashin matashinsa. Asabar ɗinsa ta ƙarshe ba ya iya hawa babur, sai da aka ɗauki shatar mota aka kai shi Ɗanzomo. Baba Manu ya ce masa, "Yaya, ga ka ga mota, bari Bappa, direban da ya kawo ka, ya tuƙa ku gida ka huta." Ya ce, "Manu, ba layina ba ne, balle na Bappa." Ya sa aka zaunar da shi a kujerar hagu, aka tashe ta, tana tarin nan nata. Ya daɗe yana kallon gonaki. Sai ya ce, "Gero ya kusa."

An fara girbi ran da muka yi addu'ar uku.

Yanzu ana maganar gado. Inna ta gaya wa dangi cewa motar ta mutum biyu ce, kuma ba inda za ta motsa sai da kai. Ni kuma na ce in ka yarda zan zauna a kujerar mahaifina in riƙa gaya maka dama da hagu. Na san burtalin, ya nuna mini. In kuma ba za ka iya ba, wallahi babu mai ganin laifinka.

Ka yafe masa in ya taɓa ɓata maka.

'Yarka,
Rahama

*

Pankshin, Nuwamba 1995

'Yata Rahama,

Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri, ke da Lauratu. Babu abin yafewa.

Muna tafe ni da Queen ranar Asabar. Kada kowa ya tashe ta. Ba zan iya jin muryarta ba tare da tasa ba. Ki roƙi Manu ya ba mu shanun huɗarsa da igiya mai ƙwari, su ja, ni in riƙe sitiyari har Gumel. A naɗe rufin.

Na gode da tayinki, 'yata. Ki bi ta gefena na dama a ƙafa, ki riƙa gaya mini hanya daga nan. Kujerar hagu da mai ita.

Babanki,
Ephraim