Munduwar da Na Mayar Kan Dutse

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Allah Ya kai haske kabarinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma miƙo mini za ki yi, ki ce in karanta miki da ƙarfi, kina yi mini gyara a inda ban yi kuskure ba. Amma tun da na dawo daga tafiyar nan magana ta cika mini ciki, kuma a gidan nan ba wanda zan zazzage wa sai ke.

Gida lafiya. Ɗakinki na unguwar Hashimi yana nan yadda kika bar shi, sai dai Yaya Sani ya matsa a zuba 'yan haya, wai tun da gwamnati ta tare a Abuja ko akurki ka bayar sai an kama. Matar nan 'yar kudu da kike sayen manja a wurinta ta zo gaisuwa, ta sha kuka. 'Yata Ummi, mai sunanki, ta shiga sakandare, bakinta kuma naki ne sak.

Inna, na kai munduwar.

Kin tuna da ciwo ya tsananta, kika zare munduwar ƙarfen nan da ban taɓa ganin hannunki babu ita ba? Kika ce idan kin cika in kai wa wanki a kan dutsen da aka haife ki, can gabas, bakin iyakar Kamaru, kuma in sa ta a ƙwarya in rufe. Ban tambayi dalilin ƙwaryar ba, ke ma ba ki faɗa ba. Tun da Baba ya ɗauko ki a motarsa ta kaya kina budurwa, kika musulunta, kika zama Hauwa, ba ki taɓa ba mu labarin wurin ba. Iyaka in mun wuce ta dutsen Zuma ki taɓe baki ki ce wannan ai tsakuwa ce. Yaya Sani ya ce babu ruwansa da kayan tsafi. Ni na ce wasiyya ce, na kama hanya.

Tafiyar ta yi wuya. Ga wahalar mai, ga shingen sojoji ko'ina. A wani shinge aka sauke mana kaya kaf, da aka zo mayarwa aka danne jakata da buhun albasa, ƙwaryar ta tarwatse. Na ji tsoron kada munduwar ta salwanta, sai na zura ta a hannuna na ja mayafi a kai. Har ina yaba wa kaina dabara.

A kasuwar gindin dutsen na samu wata mata mai sayar da gishiri da kanwa, Saratu, wadda ta taɓa zaman bariki a Kaduna, tana jin Hausa. Ta san gidanku, ta yarda ta raka ni. Muka yi ta hawa tun hantsi. Gonaki hawa-hawa an tokare su da duwatsu, ɗakuna a maƙale tsakanin manyan duwatsu, ga bakin koguna baƙi ƙirin, ga wani ɗakin bauta da aka rataya wa ƙahoni da gashin kaji, wanda Saratu ta ce kada in nuna shi da yatsa. Na yarda, Inna, Zuma tsakuwa ce.

Na samu Kawu a gindin wata bishiya, tsoho tukuf, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa, ya kama hannuna don gaisuwa, yatsunsa suka ci karo da ƙarfen. Ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya miƙe ba tare da sanda ba ya ƙwala kira, Nguza! Ashe sunanki ke nan? Ni 'yarki, da furfura ta fara fito mini, a bakin wani na fara jin sunanki.

Nan take mata suka ɗau guɗa, aka busa ƙaho, aka fito da ganguna, aka jawo akuya. Ina ta washe baki kamar sokuwa, na ɗauka murnar zuwana ake yi. Da na waiga sai na ga fuskar Saratu babu walwala. Ta ja ni bayan rumbu, ta yi mini bayani. A wurinsu, in 'ya mace za ta yi nisa, wanta ne yake sa mata munduwa. Idan an dawo da ita a hannun ɗan aike, ma'anarsa mai ita tana raye, tana tafe a baya. Idan ta mutu, a rufaffiyar ƙwarya ake kawowa, domin ba a faɗin mutuwa da baki. Da hannuna na gaya wa wanki kina hanya.

Kafin mu fito Kawu ya sa an ɗauke shi zuwa wani falalen dutse a bakin hanya, inda kuka rabu. Ya zauna cikin rana yana fuskantar gangare. Saratu ta ce mu sulale ta wata hanya tun kafin a gane, don mutanen nan ba sa wasa da wanda ya yi musu ƙarya a kan mamaci, ta taɓa ganin an kori wani da jifa. Na dubi samarin da ke rawa, kowa da lauje a kafaɗa. Ba zan ɓoye miki ba, ƙafafuna sun yarda da shawararta. Amma na hango Kawu. Duk motsin da aka yi a hanya sai ya ɗaga kai ya gyara zama. Da na gudu, har yaushe zai yi ta zuwa kan falalen nan yana jiranki?

Na roƙi ƙwarya da faifai. Wadda ta ba ni ta zaci ruwa nake so. Na ratsa masu rawa har gabansa, na durƙusa, na kama munduwar zan cire, ta ƙi fita. Hawan dutse ya kumbura mini hannu. Ina ja, ina murɗawa, fata na saluɓewa, idanu suna dawowa kaina. Gangunan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Da ta fita na saka ta cikin ƙwaryar, kowa ya ji ƙararta. Na rufe, na ajiye a ƙafafunsa.

Babban ɗansa ya zaburo da kulki yana ihu da yarensu. Na runtse ido na kama kalmar shahada. Kawu ya daka masa tsawa, ya tsaya cak. Tsohon ya laluba ya taɓa faifan, bai buɗe ba. Sannan ya miƙo hannu ya shafa goshina da kumatuna, ya yi magana a hankali, Saratu tana fassarawa. Ya tambaya ko 'ya'yanki ne suka yi miki sutura, da kuma ko kin ƙoshi a ƙasar da kika je. Na ce e. Ya ce to a yanka akuyar, domin yau daga azahar zuwa la'asar ya yi da ƙanwarsa a raye, ba kuma wanda ya taɓa kawo masa irin wannan.

Sun kai ƙwaryar wani kogo inda tukwane suke jere, kowane mamaci da tasa. Kusa da ta mahaifiyarki akwai gurbi a share tas. Saratu ta ce Kawu ne yake share shi duk shekara, yana fatan kada a cike shi yana da rai. Ban shiga ba. Na tsaya a baki na karanta miki Ƙulhuwallahu. Na yi laifi, Inna? Allah Ya sani abin da kika ce na yi.

Abin da ban taɓa iya gaya miki ba shi ne ina jin haushinki. Kina da wa irin wannan, kika bar mu muna cewa ba mu da dangin uwa? Kunya kika ji, ko tsoron bakin mutanen gari? Kalma ɗaya a kan ƙwaryar nan da ta ishe ni.

Ranar da zan sauko Kawu ya sa maƙeri ya ƙera sabuwar munduwa, ya zura mini da kansa a kan ciwon. Yaya Sani ya ce in cire ko in daina shiga gidansa. Ban cire ba. Jiya na je kasuwa na zaɓi ƙwarya mai kauri, na zaunar da Ummi na gaya mata hanya, da sunanki, da dalilin ƙwaryar. Na ce in ranar tawa ta zo ta rungume ta a cinya, kada ta yarda a sa mata a bayan mota.

Ki huta lafiya, Nguza. Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Taki har kullum,
Lantana